Masu Gadin Bakin Amya

Ajiye makullin motar nan ka zauna, Tanimu. Ni goggonka ce, kuma shekara ashirin da bakwai na yi ina aikin jinya a asibiti kafin gwiwa ta zaunar da ni, saboda haka ba ni za ka yi wa wayo ba. Matarka ta kawo mini takardar asibitin da ka cusa a ƙarƙashin kujerar mota. Na karanta, kuma wallahi raina ya ɓaci. Wata huɗu da yanke maka dajin hanta, ka murmure, kana tashi da malmala biyu ta tuwo, shi ne ka ce kai da asibiti haihata-haihata, gobe za ka koma ɗaukar lodi zuwa Kudu. To, naman da aka cire maka an duba shi a ɗakin gwaji, an tarar da wani furotin mai yawa a jikinsa, irin wanda ke sa sojojin jiki su ga ciwo su ɗauka ɗan gida ne, su ƙyale shi. Masu wannan alama ciwon ya fi yawan dawo musu. Ba wahayi ba ne, rai na hannun Allah, amma dalilin ke nan likita ya ce hoto da gwajin jini duk bayan wata uku. Ka ce wai ba ka gane ba. Bari in ba ka misali, ko kan nan naka mai tauri zai ɗauka.

Wani manomi ne yake da amya tara ya rataye a kan itatuwan ɗorawa a bakin gonarsa. Ɗaya daga ciki ita ce abin alfaharinsa, don in ya tallabe ta da hannu sai ya ji nauyi har kafaɗa. Wata ranar kasuwa wani tsoho da ya tsufa a sana'ar zuma ya biyo ta gonar, ya zauna hutawa a inuwa. Manomi ya yi ta nuna masa babbar amyar yana yabo. Tsohon bai taɓa ta ba, bai tambayi nauyinta ba. Bakin ƙofar kawai ya zuba wa ido, inda ƙudan zuma masu gadi ke tsayawa. Can sai ga asu, ɗan ƙwaron nan mai fukafukai ruwan toka, ya sauka a bakin wata ƙaramar amya da ke gefe. Kafin ya ninke fiffike masu gadi sun yi masa rubdugu, sun jefo gawarsa ƙasa. Wani asun ya sauka a bakin babbar. Masu gadi suka matso, suka shinshina shi, suka ja gefe, ya shige abinsa kamar mai shiga ɗakin uwarsa. Na biyu ya bi, na uku ya bi. Tsoho ya girgiza kai ya ce, “Ɗana, sauke wannan yau. Ka yanke saƙar da ta kamu ka ƙona, sannan ka riƙa leƙa ta a kai a kai. Ƙwaron ya ɗauki ƙamshin gidan, masu gadinka sun daina gane baƙo.” Manomi ya yi dariya, ya ce amyar da ta fi kowace nauyi ita za a kira marar lafiya? A ransa ma cewa ya yi hassada ce irin ta tsofaffi.

Ya bar ta har damina ta wuce. Kullum in ya bi ta ƙarƙashin itacen yana jin gunjin ƙuda, yana ganin masu gadi a bakin ƙofa, hankalinsa kwance. Da kaka ta yi ya hau da igiya da ƙwarya biyu. Yana kwance amyar ya ji ta sakayau a hannunsa. Ya buɗe. Babu zuma ko na lasa, sai farar yana irin ta gizo-gizo ta lulluɓe ciki, tsutsa na motsi a inda saƙa take a da, ga wari. Asun da aka ƙyanƙyashe a nan ya riga ya watsu, ya ci biyar daga cikin sauran. Abin da ya fi ƙona masa rai, 'yan masu gadin da suka rage suna nan a bakin ƙofa ba su bar aiki ba. Su ne suka taso suka harbe shi a fuska da ya sa hannu, suna kare tsutsar da ta cinye gidansu. Ya sauko da ido a kumbure, ya zauna a gindin ɗorawa ya rasa wanda zai zaga.

Kai ma nauyin amya kake ji, Tanimu, likita kuwa bakin ƙofa ya duba. Mahaifinka, ƙanena da na goya a bayan nan, haka ya ce mini ya warke. Bayan wata goma sha ɗaya aka kawo mini shi a kan tabarma, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, ni na rufe masa su da hannuna. Ba zan sake rufe na wani a gidan nan ba ina ji ina gani. Ranar Litinin tare za mu tafi, ko da jan gwiwa ne. Kada ka ce mini jikinka zai gaya maka in ciwon ya dawo, don masu gaya maka ɗin su ne suka buɗe masa ƙofa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, da ɗan gari akan ci gari.