Daɓen Ɗakin Habsatu

Daɓen ya sake lotsawa, daidai inda ya lotsa bara.

Abdou ya durƙusa yana bin tsagar da yatsa, ransa a ɓace. Magini ne da ake ji da shi, yana cikin masu ɗora sababbin ofisoshin gwamnati a unguwar Plateau tun da aka samu 'yancin kai. Amma ga ɗaki guda a unguwar Boukoki, wanda ya gina wa ƙanensa Amadou da hannunsa, yana neman kunyata shi.

Amadou ba ya gari. Tun bara waccan matarsa Habsatu ta ce ya bi wata kamiyo, babbar motar kaya, da asuba, ya tafi Kumasi neman aiki. Ba wanda ya yi mamaki. Samari haka suke tafiya, shi kuwa dama ba mai sallama ba ne. Ga zafin rai, ga saurin hannu, har maƙwabta sun gaji da shiga ƙwatar Habsatu. Duk da haka hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Abdou yana kewar ƙanensa ƙwarai, ya kuma yi wa tsohuwarsu alkawarin yaron zai dawo ya tarar da gidansa tsaf.

Habsatu mace ce mai kunya, ba ta cika magana da yayan miji ba. Bayan tafiyar ta yi watanni ba kwalli ba lalle, ko zaure ba ta leƙawa, mata suna yaba mata da cewa ga mai son mijinta. In ka ji bakinta gaban Abdou, to tambayar gini ce.

Abdou kuwa, Allah ya yi shi da son a tambaye shi. Ka ce masa yaya ake kaza, ya manta da abincin da ke gabansa.

Ta taɓa tambayarsa ko itacen da ƙasa ta rufe yana daɗewa. Ya gyara zama ya yi mata karatu: in giginya ce gara ba ta iya mata, sauran kuwa damina ɗaya biyu sun ruɓe. Da daɓen ya fara faɗawa ta tambayi yadda ake cike rami ya zauna daram. Ya kawo jar ƙasa ya daddaɓe. Da ya sake faɗawa ta tambayi abin da ya fi jar ƙasa ƙarfi. Ya kawo siminti ya shafe ɗakin sumul, irin na gidajen Nasara.

Yanzu ga simintin ma ya tsage.

"Tonawa za a yi a ga abin da ke ƙasa," in ji shi.

Habsatu tana tsaye bakin ƙofa, ba ta shigo ba. "Yaya, na ji an ce a Plateau kuna sa ƙarfe cikin siminti. Shi ma yana tsagewa?"

Nan take Abdou ya bar zancen tono ya kama na ƙarfe. Ya bayyana mata yadda ake saƙa shi, da yawan tsakuwa, da kwanakin ban ruwa. Ya ce in ya zuba wannan, ko jikoki ba za su iya fasa shi ba. Ta sauke numfashi ta ce Allah ya saka, ta tafi kawo masa ruwa.

Abu guda dai ya tsaya masa a rai. Tsaga takan bi bango ko ta taso daga kusurwa. Wannan kuwa ta zana doguwar da'ira a karkace tsakiyar ɗaki, ba ruwanta da bango ko ɗaya. Ɗakin ma ya yi masa wani irin shiru. An janye gado can gefe, an bar tsakiya fayau, kuma ba ya tuna ranar da ya ga ƙafar Habsatu ta taka wurin. 

Ladan ya kira azahar. Abdou ya yi alwala a tsakar gida ya dawo da tabarma. Da yake ɗakin layin unguwa ya bi, ba alƙibla ba, sai an karkata ake sallah a cikinsa. Ya karkata tabarmar, ya tsaya, ya ɗaga hannu zai yi kabbara.

Hannun bai sauko ba. Daga nan inda yake tsaye lotsawar ba a karkace take ba. Ta miƙe sosai a gabansa daga kudu zuwa arewa, tsawon mutum, shi kuma yana tsaye a kanta kamar liman a gaban gawa.

Duk tsawon lokacin nan da yake duban hanyar Kumasi, kabarin ƙanensa yake ta shafewa da hannunsa.