Dala Mai Tabo

Ranar kasuwar Matameye ce, bayan la'asar, Kaka ta kwance wani ƙullin tsumma mai ƙamshin kanumfari. Ta ajiye mana tsofaffin dalolin azurfa biyu a tabarma, ni da ƙanwata Rabi.

"Babba ke fara zaɓa," in ji ta.

Ɗaya sumul take, sai ƙyalli. Ɗayar kuwa wani falke na zamanin da ya buga mata hatiminsa a tsakiya, har ta lotsa. Na wawuri sumul ɗin, na yi wa Rabi gwalo.

Kaka ta girgiza kai. "Ke dai idonki ya riga hankalinki tashi. Mai tabo ba ta ɓata cikin taro."

Tawa tuni maƙeri ya mayar da ita 'yan kunne, don masu tara tsofaffin kuɗi sun ce irinta ta cika gari. Ta Rabi kuwa, saboda hatimin nan, har daga Kano suke zuwa lallashi, ta ƙi sayarwa. Duk sallah sai ta ciro ta, ta goge a gabana, ta ce, "Yaya, ina gwalon?"

Nakan yi dariya. Amma wallahi har yau ban yafe wa hannuna ba.