Waƙar Mai Daddawa

Wata bakwai ke nan gidanmu babu warin daddawa. Mai yin ta, innata, ta riga mu gidan gaskiya. Tun da kin tambaye ni man da za ki shafa mijinki ya dube ki, bari in ba ki misalin da ta bar mini.

An yi wata mai daddawa, baƙa ce wuluk, gajera, ga kaushi a ƙafa, ga giɓi a baki. Mijinta masaƙi ne mai son waƙa. A garinsu idan an gama girbi, maza kan taru a dandali da la'asar, kowa ya wasa matarsa. Wannan ya ce tasa farin wata ce, wancan ya ce tasa barewa ce. Shekarar da layi ya zo kan mijinta, sai barci ya ƙaurace mata. Me zai ce? Ya yi ƙarya a yi masa dariya, ya yi shiru ta sha kunya. Sai ta shiga maƙwabta, ta aro hodar wata farar mace da jan-baki da turare, ta lafta, ta tafi dandali. Rana ta buga, gumi ya keto, fuska ta koma kamar bangon da ruwan sama ya zane.

Masaƙi ya zo gabanta ya tsaya, ya ce, "Baiwar Allah, ko kin ga matata? Wata baƙa ce, mai warin kalwa."

Ta ce, "Allah ya shirye ka, Malam! Yau ma sai ka tsokane ni?"

Ya sa bakin rigarsa ya goge mata fuska tas, sannan ya ɗaga murya:

Tawa ba wata ba ce, wata bai iya miya ba.
Ba barewa ba ce, da tuni ta tsere daji.
In ta taka tabarma, kaushi ke yin sallama,
In ta yi dariya, giɓi ke fara gaishe ni.
Ku rufe mini ido ku kai ni kasuwa,
Hancina zai kai ni wurin tawa.

Dandali ya kece da dariya, ita ma har da hawaye. Can sai aka ji wata ta zunguri mijinta: "Kai fa, shekara ashirin kana ce mini wata, ka taɓa dubana kuwa?" Mai daddawa ta koma gida da fuskarta ta Allah, tana rangaji, giɓi a waje. Ba ta sake aron hoda ba, shi kuma bai taɓa aron yabo ba.

Gaskiyar Hausawa: zanen aro ba ya rufe katara.

Sai da innata ta rasu na tuna ita ma tana da giɓi. Ki taya ni addu'a, Allah ya haɗa ta da masaƙinta a Aljanna. Amin.