Shafukan Horo

Dattijo Elijah ya ciro reza daga aljihun riga, ya ajiye a kan tebur kusa da littafin.

Ranar Asabar ce, ranar da 'yan ƙungiyar tarihi na cocin Abbare ke taruwa a ɗakin ajiya. Su shida ne, duk aikin sa kai suke yi. Wata huɗu ke nan suna ƙwato tsofaffin takardun ikilisiya daga bakin gara, su kakkaɓe, su shanya, Malama Rachael ta ɗauki hoton kowane shafi da waya. Saura littafi ɗaya, na zaman dattawa, wanda a cikinsa ake rubuta sunan duk wanda aka sa horo da laifin da ya yi.

Shafi tara Dattijo yake so a yanke kafin a ɗauki hoto. Ya ce masu sunayen nan wasu sun mutu, wasu sun zama kakanni, ba za a tona asirin gidajen mutane da sunan tarihi ba. Kowa ya gyaɗa kai.

Ban da Maman Cynthia, matar George makanike, wadda ya zo da ita daga Wukari shekara ashirin da suka wuce. Karatunta a aji huɗu na firamare ya tsaya, don haka aikinta a ƙungiyar bai wuce goge ƙura da juya takardu a rana ba. Mace ce mai fargaba, ko ruwa aka soma sai ta kira 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya a waya. A coci ma bencin baya take zama, ko da gaba babu kowa. Ba a taɓa jin ta yi musu da wani ba.

Ita ce ta ja littafin, ta rungume a ƙirji.

"Ba za a yanka ba, Baba."

Rachael ta yi dariya. "Maman Cynthia, ko sunan wata abokiyar faɗanki kika hango a ciki? Faɗa mana mu ma mu sha labari."

Ta ƙara ƙanƙame littafin, ba ta saki ba. Aka lallashe ta, aka tuna mata cewa ita baƙuwa ce, ba ta san gidajen nan ba balle ta san nauyin abin. Aka yi ƙuri'a ta ɗaga hannu, biyar da ɗaya. Maimakon ta miƙa, sai ta kwance ɗankwalinta ta naɗe littafin, ta zauna a bakin ƙofa da shi a cinya. Ta ce in reza za ta taɓa shi, to ta fara da yatsunta.

Ran Dattijo ya ɓaci, amma mutum ne mai son a bi ƙa'ida. Ya ce shi ke nan, ta kawo masa mutum ɗaya tak daga cikin shafukan nan tara wanda ya yarda a bar sunansa, shi kuma zai mayar da rezarsa aljihu.

Ta warware ɗankwalin. Buɗewa ɗaya ta yi, ta miƙa wa Rachael, ta ce ta karanta da ƙarfi.

Rachael ta gyara tabarau. "Afrilu, 1990. Rejoice 'yar Manga, horon wata shida, ta haihu ba aure. Yaron sunansa Paul, ba a yi masa baftisma ba. Ya rasu yana da kwana talatin."

Maman Cynthia ta miƙe tsaye, ta dubi Dattijo ido cikin ido.

"Ni ce Rejoice, Baba, kuma na yarda. Bayan rasuwarsa na bar garin nan zuwa Wukari, da na dawo babu wanda ya gane ni. Ko kabarinsa ba a sa wa alama ba. In kun yanke shafin nan, babu sauran inda aka rubuta cewa ɗana ya taɓa zuwa duniya."