Kofin Baƙuwa

"Ni na riga kowa ganin ruwan rijiyar nan ya canza kala," in ji tsohon, yana bugun ƙirji gaban rikodar baƙuwa. Ta zo ɗaukar tarihin 'yarsa, wadda ta samu tallafi don yaƙar masana'antar da ke zubo musu guba.

Baƙuwar ta ajiye kofin da ta shanye. "Baba, ta yi nasara kuwa?"

"A jarida dai, yarinya. Ruwan ya cinye ta, ya haɗa da uwarta da ƙannenta. Ni da ban taɓa shiga aji ba, ni na gagare shi."

"To yanzu wane ruwa kuke sha?"

Ya nuna kofin da haɓa.

"Wanda kika sha. Duk mai musu, ya zo in ɗebo masa."