Jaki a Gangaren Rawayau

Tukur ya busa usur, 'yan sikawut na makarantar Dutsin-Ma suka jeru a bayansa, kowa da sandarsa da ƙyallen wuyansa. Kurfi suka nufa a ƙasa, inda makarantu za su yi gasa. Rukunin da ya fara isa ba a bar kowa a hanya ba, shi zai karɓi tuta.

Malam Labaran, malamin sikawut, da Tukur yake ba da misali. Tukur ke cire wa ƙananan yara ƙaya, kuma sai kowa ya sha ruwa sannan ya kai gora bakinsa. Kullum yana nanata musu cewa sikawut ba ya wuce wanda ke cikin wahala.

Dab da Rawayau, a gangaren wani rafi, suka tarar da jaki ya zame cikin laka, taikin da ke bayansa ya fashe, gero ya watse. Mai jakin dattijo ne, kuturta ta cinye masa yatsu, yana ta fama da igiya tana suɓuce masa.

Manu, mataimakin Tukur, har ya ajiye sandarsa. Jakin ya miƙo wuya wajen layin yaran ya yi kuka. Dattijon ya ɗago ya dube su sau ɗaya, sai ya juya musu baya.

"A ci gaba," in ji Tukur.

"Shugaba, dokarmu fa?" Manu ya tambaya.

"Na ce a ci gaba."

"Ku wuce, samari," in ji dattijon, bai juyo ba. "Na saba."

Su suka fara isa Kurfi. Malam Labaran ya damƙa wa Tukur tuta a gaban jama'a, ya yaba masa ƙwarai. Tukur ya kasa haɗa ido da shi. Da aka kawo tuwo, ko loma bai kai baki ba. Yaran suna ta raɗa, wasu na cewa tsoron kuturta ya ji, wasu na cewa kwaɗayin tuta ne. Manu kuwa ya daina yi masa magana.

Bayan azahar Tukur ya jingine tutar a gindin tsamiya, ya kwance ƙyallen wuyansa ya cusa a aljihu, ya kama hanyar Rawayau da gudu. Bai san Manu da sauran suna biye da shi daga nesa ba.

Ya iske dattijon ya fitar da jakin, yana durƙushe yana tara geron da gefen hannu. Tukur ya shiga lakar da kakinsa, ya durƙusa kusa da shi.

"Me ya dawo da kai?" dattijon ya ce a hankali. "Ai da gangan na juya baya. Tashi maza, kada wani ya gan ka."

Sai ga takun ƙafafu a bakin gangaren. Tukur ya waiga, ya ga rukuninsa duka a tsaye suna kallonsa. Ya daɗe kansa a sunkuye, hannuwansa cikin laka.

"Manu," ya ce, "ku sauko ku kama mana. Shi ne ya haife ni."