Daga Dama Yake Bin Hotunan

Ranar da rikicin 1966 ya tashi, mai kantin littattafan unguwar Bulabulin, ɗan Kudu, ya miƙa wa wani mai zane tsohon littafin hotuna.

"Riƙe. Tun kana yaro ba ka da wani sai shi."

"Baba, yaushe za ka dawo daga Kudu?"

Tsohon ya hau mota.

Mai zane ya san labarin: mutum ya fito daga teku, ya hau jirgi, ya iso gida ya rungumi ɗansa. Lokacin da yake yaro karatun allo kaɗai ya iya, shi ya sa daga dama yake bin hotuna.

Yau ya bi daga hagu. Mutumin ya rungumi ɗansa, ya hau jirgi, ruwa ya ci shi.

Motar ta ɓace. Ya juya littafin, ya fara daga dama.